Rakiyar Ranar Asabar

Kurudu, Abuja

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake ba sai na tambaya ba, da safen nan na ga yadda ka share kwanon ƙosai tas ba ka rage wa ƙannenka ko ɗaya ba. Allah Ya tsare ka a kan kwalta da inda kwalta ta ƙare, Ya tsare duk wanda zai hau hanya tare da kai.

Na san za ka yi dariya, gida ɗaya muke kwana amma ga Baba da wasiƙa. Bakina ne ya yi nauyi. Sau nawa nake kiranka da niyyar magana, kana zuwa ka durƙusa sai in ɓige da tambayar ko ka juye baƙin mai. Ummanka ta gaji da ni, ta ce tunda bakin ya ƙi, in gwada biro. To ga ni a shago a Karu, an idar da azahar, ciniki ya lafa, na ture kwalayen fulogi gefe na samu wurin rubutu. Idan na gama zan sa ta cikin hular kwanonka, don nan ne kaɗai na tabbata za ka duba.

Maganar Asabar ce. Allah Ya ba ka aiki a kamfanin waya, za ka koma Jalingo kana hawa duwatsu kana duba turakun sabis, mun gode Masa. Kai da abokanka 'yan babur kuka ce ba mota, su za su kai ka da kansu ta bayan gari, ku bi Karshi ku ɓulla Nasarawa ku miƙe gabas, inda akwai kwalta ku hau, inda babu ku bi turba. Ranar da ka gaya mana, ni kuma ban tsaya tunani ba na ce zan fito da tsohon babur ɗina in raka ku har bayan duwatsun Karshi, sannan in juyo. Ummanka ta ajiye ludayi ta dube ni. Kai kuwa ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Wannan "to" ɗin shi ya hana ni sukuni. Ina son rakiyar nan, Nazifi, ba zan ɓoye maka ba, rabon da in so wani abu haka har na manta. Amma bari in gaya maka wasu abubuwa tukuna, ka yi haƙuri da surutun tsoho.

Na kwaso ku daga Zariya daidai lokacin da sojoji suka koma bariki. Kai, Abuja ta ga kuɗi a shekarun nan! Ko'ina gini, tifa na bin tifa, wanda ka sani jiya da silifas yau ya wuce ka a mota mai baƙin gilashi. 'Yan acaɓa suka cika Karu da Nyanya, mu masu sayar da kayan babur muka samu rabonmu, alhamdu lillahi. Kowa ya sa gaba zuwa cikin gari neman kwangila, mu kuwa wasu 'yan mahaukata, ranar Asabar sai mu juya wa garin baya mu shiga daji. Babbanmu Alhaji Garba mai yadi, Bakano ne, shagonsa a kasuwar Wuse, ya girme mu nesa ba kusa ba, shi ya haɗa mu. Sai Iliya, malamin asibiti, mutumin Gbagyi daga Paikon Kore, wanda ko an rufe masa ido zai kai ka Kwali ta cikin gonaki. Sai Oga Sande mai walda, da ni, da wasu masu zuwa yau su ɓace gobe. Mutane suna ce mana ga kwalta sabuwa fil an shimfiɗa, me ya kai ku taɓo. Ba mu taɓa samun amsar da ta gamsar da kowa ba.

Har yau idan aka yi ruwan farko ƙamshin ƙasa ya taso, sai in ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Ina tuna zabi suna tashi firr a gabanmu, da gonakin doya har iyakar gani, da matan Gbagyi ɗauke da itace a kafaɗa suna matsawa gefe suna mana sannu. Lokacin salla ya yi mu tsaya gindin ɗorawa mu yi alwala a rafi, Iliya da Sande su zauna kan babura suna gadi, suna tsokanarmu wai mu roƙa musu sabuwar taya. A gasa mana doya a zuba manja da barkono, mu ci har mu kasa buga kik. Yawancin hanyoyin nan yanzu an kewaye su da katanga an sa maigadi. Alhaji ya rasu, Sande ya koma garinsu, Iliya ya yi ritaya ya rungumi noma, sai dai a waya. Kewa nake ji, wallahi, kuma ban san wa zan gaya wa ya gane ba.

To ga abin da na koya, kuma duk da jikina na koye shi. Farkon shigata ina ji da kaina, gani nake tunda ina sayar da kayan babur na fi kowa sanin babur. Wata rana da damina muka iso wani rafi bayan Paikon Kore. Iliya ya kashe mashin ya fara naɗe wando, ya ce a bari ya shiga da ƙafa ya ji zurfinsa. Ni kuwa na hango sawun taya a wancan gefen, na ce ai ga shi wasu sun ƙetare, ɓata lokaci ne. Na murɗa totur na faɗa. Ashe sawun na jiya ne, kafin ruwan da aka yi a kan tudu ya sauko. Ban kai tsakiya ba ruwa ya kawo mini ƙugu, inji ya yi tari ya mutu, salansa, wato bututun hayaƙi, ta sha ta ƙoshi. Da ƙyar su Sande suka jawo mu, ni da babur, kamar an tsamo kaza daga rijiya. Wata tsohuwa mai wanki a bakin rafin ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Oga, mashin naka ya zo wanka ne?" Yinin ranar ya ƙare a kwance fulogi da tsiyaye ruwa daga kafireto, tafiyar kowa ta lalace saboda ni, Alhaji kuma ya laƙaba mini Sarkin Ruwa, sunan da ya bi ni shekara da shekaru. Saboda haka duk ruwan da ka tarar, ko jiya ka ƙetare shi, sauka ka taka shi da ƙafarka. Idan ya wuce gwiwa ko yana jan ƙafa, ku zauna ku jira ya janye, ko ku tambayi mutanen wurin inda suke bi. Aikin da za ka je ba zai gudu ba.

Akwai kuma ranar da na ja gaba a bayan Kuje. Rana ta yi, ina son mu yanke, sai na bi da mu ta gefen wata gonar doya muka tattake shuka, muka faɗa cikin ƙauye da gudu, kowa fuska a rufe. Awaki suka watse, yara suka sa kuka, shanyar barkonon wata mata ta tarwatse. Kafin mu fita ta ɗaya gefen an gicciya mana gungume, maza sun fito da sanduna. Iliya ne ya cire hula ya durƙusa, ya yi ta magana da yarensu har ransu ya sauko. Mai gonar ya ce mana ba barkonon ne ya tayar musu da hankali ba. Duk lokacin da baƙi suka shigo da injina ba sallama, bayansu masu awon fili ne ke zuwa, bayan masu awo kuma sai katafila. Ya ɗauka ranar tashinsu ce ta zo. Na rasa inda zan sa fuskata, mu muna wasa, su suna tunanin yadda za su bar kaburburan iyayensu. Don haka idan kun hango rufin ƙauye ku sassauta, ka cire hula a ga fuskarka. Yi sallama, tambayi hanya ko da ka san ta, mutum yana jin daɗi a tambaye shi hanyar garinsu. Shukar mutum kuwa ko a tsakiyar turba ta fito, kewaye ta.

Ummanka ma na ba ta wahala, kuma ya kamata ka ji. Lokacin wayar hannu ta shigo, amma da ka bar kwalta shi ke nan ta zama abin ado. Ni kuma ba na faɗin inda za mu, sai dai in ce na ɗan fita. Wata Asabar ruwa ya tsare mu muka kwana a ajin wata firamare. Da na dawo washegari na same ta a ƙofar gida, ƙanwarka goye a bayanta, ido ya kumbura, ashe ta zaga asibitoci tana leƙa gadaje. Ba ta yi mini faɗa ba, ruwan wanka ta kai mini, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kafin ka shiga inda babu sabis, kira ta ka ce ga inda muka nufa, ga inda za mu ɓulla. Kai da aikinka ke nan, ba ka da bakin cewa layi ne ya ƙi shiga.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san ƙa'idar na baya, na ga ku ma kuna bin ta, ko da yake ku da Turanci kuke faɗinta. Mu Alhaji ne ya kafa mana ita. Ya ce a daji na gabanka ba ruwanka da shi, na bayanka shi ne amanarka. Idan hanya ta rabu biyu, ba ka karya kwana sai ka tabbata na bayanka ya gan ka. Idan ya ɓace daga madubinka ka tsaya, na gabanka zai rasa ka shi ma ya tsaya, a haka har labari ya kai ga jagora ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Saboda wannan ba mu taɓa yar da mutum a daji ba. Ka riƙe ta da kyau. Amma tana da nauyin da ba a gaya wa sabon shiga, duk wanda aka sa a bayanka, rabin idonka nasa ne.

Alhaji ya yi jinya, hawan jini ya kwantar da shi, ya tashi amma hannun hagu bai dawo daidai ba. Muka ɗauka ya yi sallama da babur. Wata Asabar muna haɗuwa a gidan mai sai ga shi, ya sha jaket ya ɗaure hula, yana murmushi kamar ango. Muka dubi juna. Iliya ya ja ni gefe ya ce hannun nan ba zai riƙe kuloci a yashi ba, ni ne na kusa da shi, in gaya masa ya koma gida. Na ce haba, ta ina zan fara? Mutumin da ya koya mini hawan daji, ya tsaya mini na samu shago, in dubi furfurarsa in ce ya tsufa? Na ce a bar shi, ni zan shiga gabansa in lura da shi. Da ya tambaye ni ko akwai wata matsala, na sunkuyar da kai na ce babu, Alhaji, bismilla.

Hanyar Rubochi muka bi. Ba gudu muke ba, wallahi ko mai keke zai wuce mu. Ina tafe idona na kan madubi, ina ganin tayarsa ta gaba tana rawa a yashi, ina cewa yanzu zai faɗi, yanzu zai faɗi. Ashe ruwan damina ya yanke hanyar ya yi kwazazzabo, duk waɗanda ke gabana sun gan shi sun kauce. Ni ban gan shi ba sai da na ji ni a ciki, babur a kan gwiwata. Alhaji kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Ya sauko ya zauna cikin taɓo ya ɗora kaina a cinyarsa yana salati, har aka samo motar doya ta kai ni Gwagwalada. Gwiwar nan da kake gani ina ja, wadda ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu, a nan na samo ta.

A asibiti ya zo ya zauna bakin gado. Iliya ya riga ya gaya masa komai, don shi magana ba ta kwana a cikinsa. Ya daɗe yana kallon ƙafar da aka naɗe, sannan ya ce, "Sani, me ya hana ka ce mini in zauna a gida?"

Na ce kunya.

Ya ce, "Da ka faɗa, fushin kwana biyu zan yi in huce. Yanzu ka bar ni da abin da zan shiga kabari da shi."

Haka kuwa aka yi. Ya sayar da babur ɗinsa, bai ƙara zuwa ko gidan man da muke haɗuwa ba. Ka tuna shi ai, tsohon da ke zuwa gidanmu da alawa a aljihu. Har ya koma ga Allah, duk haɗuwarmu ƙafar yake fara kallo kafin fuskata. Na so in kare masa mutunci, sai na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, na kuma raba shi da mu gaba ɗaya. Shawarata a nan ba ta da daɗi. Idan ka ga wanda jikinsa ko babur ɗinsa ba zai kai ba, gaya masa tun a gidan mai, komai girmansa. Ka ja shi gefe, ka tausasa lafazi, amma ka faɗa.

Shekaranjiya na fito da tsohon babur ɗin nawa. Na wanke shi, na sa sabon fulogi, na ɗaure sarƙa, ina bugawa ya tashi, muryarsa na nan yadda na san ta. Sai da na yi ƙwalla. Na hau na nufi Orozo don in gwada kaina, iska ta bugi ƙirjina, na ji kamar an sauke mini shekaru. Amma kafin in juyo yatsun hagu sun mutu a kan kuloci, ciwon sugan nan ya fara taɓa su, idona kuma yana ta ruwa, wani tudun kwalta ban gan shi ba sai da ya ɗaga ni sama. Na dawo gida na ce wa Ummanka garau nake. Ta ce to madalla, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Duk da haka ban fasa ba, ka san taurin kaina, a wurina ka gaje shi. Ina ta ce wa raina Karshi ce fa kawai, ga ta nan, a hankali zan bi. Sai jiya da la'asar ina alwala a bayan ƙofa, kai da abokinka Bashir kuna waje kuna gwada ɗaurin kaya, ba ku san ina nan ba. Na ji ka ce masa shi ya ja gaba ranar Asabar har a wuce duwatsu, kai za ka dawo ka shiga gaban Baba ka lura da shi. Bashir ya ce ko dai a lallaɓa a gaya mini in zauna a gida. Ka ce haba, ta ina za ka fara.

Saura ƙiris butar ta suɓuce daga hannuna. Maganata ce, Nazifi, ko kalma ba ka canja ba. Kuma na san hanyar bayan Karshi, na san gangaren nan mai tsakuwa da ramukan da ruwa ke yi a gindinsa. Na hango ka kana sauka idonka a madubi, kana duba tsohon da ya ƙi zama a gida.

Saboda haka na ɗauke maka. Ba zan raka ka ba. Abin da ka kasa faɗa mini na faɗa wa kaina, kuma ban ji haushinka ba ko kaɗan, tarbiyyar da muka yi maka ce ta ɗaure maka baki. Ka koma gaba ka ja abokanka, kai ka fi su sanin hanyar. Na bayanka ya zama matashi irinka mai lafiyar hannu, wanda kallo ɗaya a mararraba ya ishe shi, sauran idon ka ba hanya. Makullin babur na ba Ummanka da safen nan, na ce ta ɓoye inda ban sani ba, ko na roƙe ta kada ta ba ni sai kun yi nisa. Ta karɓa, sai na ga ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Da wuya, ba zan yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina mafarkin ranar da zan bi bayanka a daji in ga yadda kake karya kwana, in ga ko ka iya miƙewa tsaye idan hanya ta yi gargada, mu tsaya gindin bishiya ka ja mu salla. Lokacin da nake da ƙarfi kai kana makaranta, na ce sai ka girma. Ka girma, ni kuma ƙarfin ya tafi. Ba mu taɓa hawa tare ba ko sau ɗaya, yanzu kuma na san ba za mu yi ba. Wannan ta fi mini kewar su Alhaji ciwo. Allah bai rubuta ba, na karɓa.

Abu ɗaya nake roƙonka. Idan ka karanta kada ka zo ka lallashe ni, kada ka ce Baba ai Karshi ba nisa. Ba ni da ƙarfin ƙi sau biyu. Idan ka ce in zo, wallahi zan hau, ko da sai na fasa akwatin Ummanka. Ranar Asabar ka shigo da safe ka durƙusa yadda ka saba, in dafa kanka in sa maka albarka, ka tashi ka tafi. Ba zan fito ƙofar gida ba. Ina daga ɗaki zan saurare ku har ku sha kwanar masallaci, kuma cikin ƙarar baburan nan duka zan gane taka.

Allah Ya kai ka Jalingo lafiya, Ya mayar da abokanka gidajensu lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya, na fili da na ɓoye. Ya sa albarka a aikinka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Ka riƙe salla ko a kan dutse ta same ka. Na ba Allah amanarka, Shi Ya raka ka inda ni ba zan iya ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani mai kayan babur